Tsakanin Ganuwa da Samaru

Gidanmu yana cikin birnin Zariya, ba nisa da Ƙofar Gayan, kuma gidan marina ne tun kaka da kakanni. Ko da na yi wayo rinin ya riga ya mutu. Karofin da ke bayan gida ya zama wurin wasanmu, wasu ramukan sun cike da shara, wasu ruwan damina ya kwanta a cikinsu, amma bakinsu har lokacin da sauran laso mai sulɓi kamar jiya aka shafa. Baba ya koma ɗinkin hula da wuyan riga, sana'ar da ta riƙe gidaje da yawa a birni. Kakanmu kuwa, inji waɗanda suka san shi, har aka kai shi makwancinsa shuni bai bar hannunsa ba.

A zauren gidan nan na shaida wa Baba, cikin damanar 1979, cewa na gama makarantar share fagen shiga jami'a, an ba ni gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma tarihi zan karanta. Bai ɗago kai daga allurarsa ba sai da ya kai ƙarshen zare.

"Tarihi? Wanda maroƙa ke yi kyauta a ƙofar fada? Ga Kongo nan kusa da gida, ka je ka karanta shari'a mana, ka fito alƙali ko lauya."

Ban sami abin cewa ba. Iya ce, mahaifiyarsa, ta jiyo mu daga soro na biyu, ta ce, "Ƙyale mini angona ya karanta abin da ransa ke so. Ai gara a sami wanda zai riƙe maganar gidan nan." Baba ba ya ja da Iya. Ya ce Allah Ya sa albarka, ya zare wani zaren.

Shekara uku na yi ina kai da komo tsakanin birni da Samaru. Da asuba nakan fita ta Ƙofar Doka in hau motar haya, mu ratsa Tudun Wada, mu haye gadar Kubanni, mu bi ta PZ da Kwangila da Palladan har ƙofar jami'a. A lokacin hanya ce kawai a wurina, mai ƙura da jiran fasinja. Sai daga baya idona ya buɗe na gane kowace safiya shekaru ɗaruruwa nake ratsawa. Ganuwar da nake bari a baya ta girmi jihadi nesa ba kusa ba. Tudun Wada da Sabon Gari zamanin Turawa ya haife su, ɗaya don baƙi 'yan Arewa, ɗayan don mutanen Kudu da suka biyo layin dogo bayan 1911. PZ sunan kamfanin 'yan kasuwar Turawa ne ya manne wa unguwa. Jami'ar kanta a ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe ta, ina ɗan yaro ina bin Iya kasuwa.

Takardar shaidar da aka ba mu daga ƙarshe kalma ɗaya ke kanta, tarihi. Amma tsarin karatun ya haɗa mana na dā da na zamani a faifai ɗaya. Da safe kana Masar ta Fir'auna, ko Kush da birninta Merowe, ko Aksum, ko Girka da Rum. Da azahar sai ka tsinci kanka a Faransa ta 1789, ko a masaƙun Ingila, ko a taron Balin na 1884 zuwa 1885 inda Turawa suka shimfiɗa ƙa'idar wawason Afirka. Gobe kuma Mansa Musa ne a hanyar Makka a 1324, jibi Lugga da bindigoginsa. Na ji daga baya cewa a Jami'ar Okusfod ta Ingila akwai digiri na musamman mai wannan suna, tarihin dā da na zamani, inda na dā yake nufin Girka da Rum. Mu namu na dā bai tsaya a can ba, ya biyo mu har ƙofar gida.

Ni dai tun makon farko na raba littattafan rubutuna gida biyu, shuɗin bango na dā, jan bango na zamani, kuma zuciyata duk tana ga jan. Wanda ya san Samaru ta wancan lokaci ba zai yi mamaki ba. Ba mu manta da Afrilun 1978 ba, lokacin da zanga-zangar ƙarin kuɗin makaranta ta ci rayukan ɗalibai a harabar nan. Soja sun miƙa mulki ranar 1 ga Oktoba 1979. An yi juyin juya hali a Iran a shekarar, Zimbabuwe ta sami 'yanci a Afrilun 1980, Afirka ta Kudu tana hannun 'yan wariyar launin fata. Kowace bishiya akwai muhawara a gindinta. A irin wannan yanayi saurayi ɗan shekara 21 yana ganin zama a karanta yadda Fir'auna ya auna ruwan kogin Nilu tamkar barin gida ne yana cin wuta a tafi kallon tsohon kango.

Sashen tarihi na Zariya kuwa ba wurin wasa ba ne a shekarun nan. Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta, shi ya kafa shi tun buɗe jami'a, shi ya jagoranci aikin tattara rubutattun littattafan Larabci na ƙasar nan, ya kuma kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Dakta Yusufu Bala Usman ya rubuta tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, aka buga shi a 1981 muna aji. Dakta Mahmud Modibbo Tukur ya bi rahotannin Turawan mulki ɗaya bayan ɗaya ya nuna yadda aka ci ƙasar nan da yaƙi tsakanin 1897 da 1914. Dukkansu suna sane da cewa a 1963 wani babban farfesan tarihi a Okusfod, Trevor-Roper, ya fito fili ya kore cewa Afirka tana da tarihin da ya cancanci koyarwa in ban da abin da Turawa suka yi a cikinta. Amsar da malamanmu suka ba shi aiki ce tuƙuru. Ba su yarda mu rama raini da kirari ba. Abdullahi Smith da kansa, a wata maƙala ta 1970, ya nuna cewa labarin Bayajida da macijiyar Daura bai isa ya bayyana yadda aka yi birane suka kafu a ƙasar Hausa ba. A nemi amsa a wurin duwatsu da ruwa da tama da ƙasar noma, da yadda ƙauyuka suka haɗu suka zama gari, gari ya zama birni mai ganuwa da sarki.

Na karanta wannan duka na ci jarrabawa a kai, amma bai shiga jikina ba sai wata Asabar ta hunturu a shekara ta biyu, da wani malaminmu ya kwashe mu a motar jami'a. Ya fara kai mu yamma da Samaru, gefen Kubanni, ya nuna mana wurin da masu tonon tarihi suka gano murahun narka tama waɗanda suka haura shekara 1,000. Kashin ƙarfe baƙi ƙirin yana warwatse a ƙasa, da mun wuce da ƙafa ba za mu ce komai ba ne sai tsakuwa. Daga nan muka nufi dutsen Kufena, muka ga sauran ganuwar da ta kewaye gindinsa, muka tsinci tsingaro a gonakin mutane. Da la'asar muka shigo birni, ya tsayar da mota a Ƙofar Kuyambana, ya sa muka hau kan ganuwa. Tun ina yaro nake hawan ganuwar nan ina gangarowa da gudu, ban taɓa tsayawa na dube ta ba.

Ya ce, "Wa ya gina wannan?"

Muka amsa baki ɗaya, "Sarauniya Amina."

"To, ita ta ɗauki ƙasar a ka?"

Muka yi shiru. Ya ce mu dubi tsawonta, kilomita 14 ko fiye, mu dubi kaurinta, mu dubi ramin da aka haƙa a bayanta. Mutum nawa suka yi wannan aiki, rani nawa suka ɗauka? Wa ya ciyar da su? Wa ya yi musu galma da magirbi? Wane ne yake da ikon da zai ce wa magidanci ya bar aikin gidansa ya fito aikin ganuwa, kuma me zai sami wanda ya ƙi? Ya juyo gare ni, don ya san ni ɗan birni ne, ya ce, "Malam, kakanninka sun biya kuɗin wannan ganuwa da guminsu. Kai da kake son tarihin zamani, ga farkon maganar haraji nan kana tsaye a kai."

Kalmar haraji ta taɓa ni a wani wuri da shi bai sani ba. A ƙarshen 1979, makonni kaɗan da fara karatuna, sabbin gwamnonin jam'iyyar PRP, Alhaji Balarabe Musa a Kaduna da Alhaji Abubakar Rimi a Kano, suka soke haraji. Ranar da labarin ya fito a rediyo na dawo gida na tarar Iya ta sa an toya waina ana rabawa yara sadaka. Na ɗauka murnar siyasa ce irin ta kowa, na ci rabona na wuce. Ban tambaye ta komai ba.

Da shekarar ƙarshe ta zo, aka ce kowa ya kawo batun da zai yi bincike a kai, sai na je wa malamin nan da manyan batutuwa: yaƙin basasa, man fetur, rikicin Gabas ta Tsakiya. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Duk akwai masu yi. Me ke gidanku wanda in ba kai ba babu mai rubuta shi?" Da daddare na zauna a ɗakin Iya na tambaye ta dalilin wainar nan ta shekara biyu da suka wuce. Ba ta amsa ba. Ta ce in jawo mata adakar da ke ƙarƙashin gado.

A can ƙasa, bayan tsofaffin zannuwa saƙi, akwai wani ƙunshi a tsumma. Rasit ne na haraji, fiye da 40, an jera su shekara bi shekara, na farkon ya yi ja saboda tsufa, na ƙarshen na Baba ne na 1978. Iya ba ta karatun boko, amma ta san kowanne da labarinsa. Wannan na shekarar da fara ta cinye dawa ne. Wannan na shekarar da aka naɗa Sarki Ja'afaru, wato 1937. Wannan sai da aka sayar da akuya biyu. Wannan na lokacin yaƙin Hitila, da aka riƙa kwasar samari. Ta gaya mini yadda gari ke yin tsit idan lokacin haraji ya zo, yadda ake tara waɗanda suka gaza a shanya su a rana, yadda magidanci kan sulale da asuba ya tafi cin rani don kada a ci masa mutunci a gaban iyalinsa, da yadda tafiya ba rasit a aljihu take jawo wa mutum kwana a hannun 'yan doka. Ta ce, "Angona, takardar nan ita ce rigar mutuncin namiji a lokacin. Shi ya sa ban yar da ko ɗaya ba."

Haka na sami batuna: haraji a kan marinan birnin Zariya. Na ɗauka aiki ne na jan littafi zalla, in fara daga 1902 da Turawa suka shigo Zariya, in bi ta tuɓe Sarki Kwasau da naɗa Aliyu ɗan Sidi a 1903, in tsaya a 1979. Na shiga motar Kaduna na yi makonni a gidan adana takardun tarihi na ƙasa ina buɗe fayilolin lardin Zariya, ina karanta rahotannin Razdan da na Di'o. Nan na ga yadda aka tattara kuɗaɗe iri-iri aka mai da su haraji guda, yadda malaman taki ke auna gonaki da ƙafa, yadda aka daina karɓar wuri aka ce sai sule da sisi. Wanda zai biya da kuɗin Bature kuwa dole ya sayar da abin da Bature ke saye, shi ya sa auduga ta bi hanyar injin gurza na Zariya ta hau jirgin ƙasa, maimakon ta bi ta hannun mai kaɗi da masaƙi ta iso karofi.

Amma fayilolin da kansu suka tura ni baya. Kowane rahoto na farkon zuwan Turawa yana ambaton abin da suka tarar: kuɗin galma, wanda a Zazzau ake ɗorawa a kan galmar manomi maimakon gonarsa, da kuɗin karofi a kan kowane ramin rini, da jangali a kan shanu. Ashe Bature bai ƙago ba, gādo ya tarar ya sāke masa fasali. Na koma littafin M. G. Smith na 1960 kan sarautar Zazzau daga 1800 zuwa 1950, na ga yadda aka raba garuruwa ga masu sarauta suna karɓa ta hannun jakadu. Na ƙara ja da baya zuwa Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, sai ga jangali da kuɗin gari da gaisuwa a cikin abubuwan da ya zargi sarakunan Haɓe da su. Ke nan tun kafin Malam Musa ya kori Sarki Makau daga birnin nan a 1808, tun kafin Abu Ja ya kafa Abuja ta farko a 1828, wadda yau ake kira Suleja, maganar da ta sa Iya toya waina tana nan ana yin ta. Daga nan taki ɗaya ne zuwa kan ganuwa da tambayar malaminmu.

A daren da wannan ya bayyana gare ni na sauko da shuɗɗan littattafan da na jibge a kan kabad. Abin da na rubuta da gyangyaɗi a shekarar farko sai ya zama kamar game da unguwarmu aka yi shi. Masarawa suna auna cikar Nilu ne don su san yawan hatsin da za a karɓa daga manomi a shekarar. Dutsen Rashid, wanda ya buɗe wa duniya karatun rubutun Fir'auna, sanarwa ce ta shekara ta 196 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma cikin abin da take yaba wa sarki har da yafe bashin haraji. Rumawa suna ƙidayar jama'a don su san wanda zai biya da wanda zai tafi yaƙi. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya lura cewa daula takan fara da haraji mai sauƙi da baitulmali cike, ta ƙare da haraji mai nauyi da baitulmali fayau. Na buɗe jajayen kuma, ga harajin gishiri cikin abubuwan da suka tunzura talakawan Faransa, ga matan Aba a 1929 sun tashi saboda jin za a ƙidaya su a ɗora musu. Tambaya ɗaya ce take ta dawowa cikin tufafi daban-daban: wa ke karɓa, da wane dalili, me yake yi da shi, kuma yaushe mai bayarwa ke cewa ya isa. Wanda ya san zamani ɗaya kawai zai ɗauka a kansa aka fara.

Na zamanin ma ya biya na dā bashinsa. Zaman da na yi da rahotannin Di'o ya koya mini cewa kowace takarda akwai mai ita, akwai wanda yake so ya burge, akwai abin da yake ɓoyewa. Jami'in da ke neman ƙarin girma ba zai rubuta cewa mutane sun gudu daga gundumarsa saboda nauyin haraji ba, zai ce sun tafi neman ƙasa mai kyau. Da wannan idon na koma kan Sarauniya Amina. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, 1421 zuwa 1438. Labarin da ake bayarwa a Zazzau ya ce 'yar Bakwa Turunku ce, wanda ke kai ta ƙarni na 16. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a Infaƙul Maisuri. Dā can da na zaɓi wanda ya fi daɗi a kunne na riƙe. Yanzu na koyi in tambayi kowanne: wa ya rubuta ka, yaushe, a fadar wa? Wannan bai rage mata daraja a wurina ba. Ya dai fitar da ita daga tatsuniya ya mai da ita mutum mai mulki, wadda ke bukatar dawaki da ƙarfe da hatsi da hannayen talakawa.

Ko mutuwar karofinmu sai da na haɗa littattafan biyu na fahimce ta. Fasahar tsohuwa ce ƙwarai: a jiƙa ganyen baba da toka, a bari ya ruɓa, a riƙa motsawa da muciya, katsin da ya kwanta a ƙasa a ƙona shi a yi lason da za a shafe sabon rami. Abin da ya kashe ta kuwa daga nesa ya taso. A 1897 wani kamfanin Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta. Atamfa da akoko suka cika kantunan Sabon Gari. A 1957 aka buɗe masaƙar zamani a Kaduna. Kakana bai taɓa jin sunan garin da aka haɗa shunin nan ba, amma shi ya rufe masa ramukansa ɗaya bayan ɗaya, alhali mai karɓar haraji bai daina zuwa ba.

A damanar 1982 na gama. Aka buga mini kundin da keken rubutu a Samaru, aka yi masa baƙin bango. Baba ya juya shi a hannu, ya ce tunda da Turanci ne sai in karanta musu da Hausa. Dare uku muka yi a tsakar gida bayan sallar isha'i, da fitilar ƙwai, ina fassarawa, Baba da ƙannensa da matan gida suna ji. Da na zo kan kuɗin karofi Baba ya ce in maimaita, don bai taɓa sanin cewa tun kafin Turawa ake karɓa ba. Ban ƙara jin ya ambaci Kongo ba daga ranar.

A dare na uku na karanta inda na rubuta cewa rasit ɗin gidanmu sun nuna kakana bai taɓa fashin biya ba ko shekara ɗaya. Na yi alfahari da wannan jimla, don hujjarta tana hannuna. Iya ta ɗaga hannu.

"Tsaya, angona. Wannan ba haka ba ne."

Ta sa aka kawo ƙunshin, ta lalubo guda ɗaya daga tsakiya. Ta ce a shekarar nan kakana yana kwance wata huɗu, babu ko anini a gidan. Maƙwabcinmu ne, wani mahauci, ya je wurin mai unguwa da dare ya biya, ya ce a rubuta sunan kakana, kada kuma a gaya masa. Ita kaɗai matar mahaucin ta faɗa wa, bayan mazan biyu duk sun rasu. Ta ce, "Takarda ta san wanda aka rubuta. Ba ta san wanda ya biya ba."

Kundin ya riga ya shiga hannun masu dubawa, ba halin gyara. Na ɗauki alƙalami na rubuta maganarta a gefen shafin nawa kwafin, da kwanan wata. Iya ta rasu da azumin shekarar da ta biyo baya, ina bautar ƙasa.

Shekara 33 na yi ina koyar da tarihi a makarantun sakandare. Na ga lokacin da aka cire darasin daga manhajar ƙananan azuzuwa, na kuma ga an dawo da shi bayan an yi asarar yara masu yawa da ba su san Nok ba, ba su san Satiru ba. Duk ajin da na samu, ko da manhaja ta ce in fara daga 1800, sai na kai su ganuwa tukuna, ko masallacin Juma'a na ƙofar fada, wanda Babban Gwani Mikaila ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu cikin shekarun 1830. A shekarun 1970 an yi masa sabon gini da siminti, aka bar wani sashe na tsohon a ciki, da bakan gizonsa na ƙasa. Mai wucewa a titi sabon kawai yake gani, sai ya cire takalmi ya shiga zai san abin da ke ciki.

Ganuwar tana ƙarewa. Ruwa ya ci wani wuri, masu ɗibar ƙasa sun ci wani, gidaje sun hau sauran. Inda muka tsaya a Ƙofar Kuyambana ban iya nuna shi daidai yanzu ba. Karofin bayan gidanmu an cike shi an yi shaguna uku, ɗaya ana cajin waya a ciki. Wannan yana yi mini ciwo, kuma ina ganin hakki ne a kan mu 'yan birni mu tsare ɗan abin da ya saura kafin jikokinmu su riƙa jin labarin ganuwar Zazzau kamar yadda muke jin na birnin Merowe.

Adakar tana wurina. Bara jikata ta sami gurbin karatun tarihi a Samaru, ta zo ta durƙusa ta ce, "Kaka, an ce daga baya mutum yakan zaɓi ɓangaren da zai ƙware. Na dā zan bi ko na zamani?" Na ce ta jawo adakar daga ƙarƙashin gado. Ta kwance tsumman, na bar ta ta jera rasit ɗin a kan tabarma da kanta, shekara bi shekara. Da ta zo kan na tsakiyar nan na ce ta ajiye shi gefe, ta ɗauko kundin ta buɗe shafin da ke da rubutu a gefe, ta karanta mini da ƙarfi, don idona ya yi rauni. Jikokin mahaucin suna nan a gidan da ke jikin namu. Na ce idan ta gama ta shiga ta gaishe su, ta tambayi tsohuwar gidan abin da ita kuma ta riƙe.